Yawan yadi, makin jifa ko shan kaye: da wanne za ka auna ƙungiya a NFL?

A kakar wasa ta 2019 babu wanda ya kamo ƙafar Jameis Winston na Tampa Bay Buccaneers wajen tara yadi ta hanyar jifa a duk gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Yadi 5,109 ya tara. Ƙungiyarsa ta ci wasa 7, aka doke ta a 9, ta koma gida tun kafin a shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Da shekara ta zagayo suka bar shi ya kama gabansa, suka ɗauko Tom Brady, wanda ya buga kakar 2020 yana da shekara 43. Brady ya tara yadi 4,633, ƙasa da na Winston da kusan 500, amma Tampa ta ci wasa 11, ta zarce ta ɗauki kofin Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar. Kocin bai canza ba, Bruce Arians ne. Manyan masu cafe ƙwallon, Mike Evans da Chris Godwin, su ɗin ne dai. Wanda duk ya dogara da yawan yadi a waɗannan shekaru biyu, da baya ya karanta ƙungiyar.

To in ba yadi ba, mene ne? Duk wanda ya buɗe shafin alƙaluman NFL zai tarar da layuka sun fi ashirin a kan mai jifa kaɗai, kowanne da masu rantsuwa da shi. Huɗu ne suka cancanci a tsaya a kansu: yawan yadi, makin jifa, kason kaye, da wani ma'auni da ake taƙaitawa da ANY/A. Kowanne akwai tambayar da yake amsawa, kuma yawancin musun da ake yi a majalisar masu kallo, asalinsa an ɗauki amsar wata tambaya ce an kai ta wata.

Ga wanda bai saba da wasan ba, a taƙaice: ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci yadi 10 gaba. In ta ci, a sabunta mata wasu huɗun. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kwatabak shi ne mai jifa, daga hannunsa kusan kowane hari yake tashi. A gabansa akwai ƙarti biyar, su ne katangarsa. Idan masu tsaron ɗaya ɓangaren suka keta katangar suka kai shi ƙasa a bayan layin da aka faro, kafin ya saki ƙwallon, ya sha kaye ke nan. A shafukan alƙaluma Sk ake rubutawa, kasonsa kuma Sk%. Tacdawun shi ne a shiga da ƙwallo gidan abokan hamayya, maki 6. Ƙwace kuwa shi ne ɗan tsaro ya cafe jifan da ba shi aka nufa ba.

Yawan yadi: ka gani, ka wuce

Yawan yadi ciniki ne, ba riba ba. Ɗan kasuwar da ya ce maka yau ya sayar da kayan miliyan ɗaya bai gaya maka komai ba tukuna, sai ka ji nawa ya saro, nawa ya lalace a hanya, nawa ya tafi a bashi. Winston ya jefa tacdawun 33 a waccan shekarar, amma an ƙwace masa 30, ya sha kaye sau 47. Brady ya jefa 40, an ƙwace 12, ya sha kaye sau 21.

Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan. Ƙungiyar da aka bari a baya ita ce ke yawan jifa, saboda lokaci na ƙure mata. Wadda ke gaba gudu take yi da ƙwallo don agogo ya ci, masu tsaronta kuma su ja baya su ƙyale gajerun jifa su wuce, abin da suke tsoro kawai shi ne dogo. Saboda haka sau da yawa yadi mai yawa alamar shan kashi ne. A Super Bowl na Fabrairun 2014 Peyton Manning na Denver ya haɗa jifa 34 da yadi 280, Denver ta tashi da maki 8, Seattle na da 43. A na Fabrairun 2025 Patrick Mahomes na Kansas City ya ƙare da yadi 257 da tacdawun 3, wanda bai kalli wasan ba sai ya ce ai yaron ya yi ƙoƙari. Alhali sai da Philadelphia ta kai 34 da nema kafin Kansas City ta samu makin farko. Tun da aka fara Super Bowl ba a taɓa samun wanda ya fi kowa yadi a kaka ya ɗauki kofin a wannan kakar ba, sai Mahomes a 2022 da yadi 5,250. Sama da shekara hamsin, mutum ɗaya.

Makin jifa da makantarsa

Makin jifa shi ne lambar da ake yawan haskawa a talabijin, irin su 95.4 ko 102.2. NFL ta karɓe shi a 1973. Abu huɗu yake haɗawa: kason jifan da ya isa hannu, yadi nawa kowane jifa ya kawo, kason tacdawun da kason ƙwace. Ƙololuwarsa 158.3. Ya fi yawan yadi nesa ba kusa ba, domin shi matsakaici yake aunawa, ba tarin abu ba. A kan Tampa ma ya faɗi gaskiya: Winston 84.3, Brady 102.2.

Sai dai ba ya ganin kaye ko kaɗan. A lissafinsa, damar da kwatabak ya sha kaye a cikinta ba ta faru ba. Kuma abin bai tsaya a rashin gani ba, har lada yake ba mai laifi.

A ce ga 'yan wasa biyu, kowanne ya ja baya don jifa sau 30, kowanne ya haɗa 18, yadi 200, tacdawun ɗaya, ba ƙwace. Sau biyar katanga ta rushe wa kowannensu. Na farko, duk lokacin da ya ga an taso masa, sai ya fice gefe ya wurgar da ƙwallon waje. Na biyu ya rungume ta aka danne shi, aka yi asarar yadi 35. A takarda na farko ya yi jifa 30 ya haɗa 18, makinsa 91.0. Na biyu jifa 25 kacal aka rubuta masa, ya haɗa 18, makinsa 108.8. Wanda ya cuci ƙungiyarsa shi ne ya fito da farin jini, da tazarar maki kusan 18.

Wani abin lura shi ne tsufan ma'aunin. An tsara shi ne a zamanin da 66.7 yake matsayin tsaka-tsaki. Daga baya an yi ta sauya dokoki don sauƙaƙa jifa, musamman a 1978, sannan a 2004 aka tsaurara hukunci a kan taɓa mai cafe ƙwallo. Yau tsaka-tsakin gasar yana wajajen 90. Wanda ya ɗauko makin ɗan wasan 1975 ya jera da na yau ya zalunci na da.

Kaye: nawa yake ci, kuma laifin wa?

Nan ne ya kamata a daɗe. Kaye ɗaya yakan ci yadi 6 zuwa 7, ga damar da ta tafi. Ka ɗauka dama ta biyu ce, saura yadi 10. In jifa ya faɗi ƙasa, za a shiga ta uku da yadi 10, abu ne mai wuya amma ana yi kullum. In kaye aka sha, za a shiga ta uku da yadi 17, masu tsaro sun san jifa ne dole, sun saki jiki sun taho. Mafi yawan hare-haren da aka sha kaye a cikinsu a nan suke mutuwa. Ban da haka, lokacin kaye ne ƙwallo ta fi suɓuce wa kwatabak, saboda sau da yawa ta bayansa ake zuwa, hannunsa a ɗage. Ga kuma jiki: mutum mai kilo 120 ya faɗo maka sau hamsin a kaka ɗaya, ba a tashi lafiya.

Kada ka ƙirga kaye tsurarsa. Wanda ya yi jifa 650 da wanda ya yi 320 ba ɗaya ba ne. Lissafin kason shi ne ka raba yawan kaye da jimillar jifa da kaye. Tsaka-tsakin gasar yakan zauna tsakanin kashi 6 da 7 cikin ɗari. Winston a 2019 kashi 7.0, Brady a 2020 kashi 3.3. A 2022 Russell Wilson da Justin Fields kowanne ya sha kaye 55, amma Fields jifa 318 kawai ya yi, kasonsa ya kai 14.7. Wato duk ja baya bakwai, ɗaya a ƙasa yake ƙarewa.

Tambayar da ke raba mutane ita ce ta laifi. Masu sharhi a talabijin, da an kayar da kwatabak, katanga suke hararo. Ido ma haka yake gani: ga wani ƙato an ture shi, ga mai jifa a ƙasa. Amma masu bin diddigin alƙaluma sun daɗe da lura cewa kason kaye kwatabak yake bi. In ya canza ƙungiya, yana tafiya da abinsa. In ƙungiya ta canza kwatabak, kason nata ya canza nan take, ko da katangar tana nan yadda take.

Dubi Peyton Manning, domin shi ya ba da gwaji iri biyu. A 2010 ya yi wa Indianapolis Colts jifa 679, ya sha kaye 16 kacal. A 2011 ciwon wuya ya hana shi buga ko wasa ɗaya. Waɗanda suka riƙe masa wuri suka sha kaye 35, kuma jifan da suka yi bai kai nasa yawa ba. A wannan shekarar dai Denver Broncos ta sha kaye 42, Tim Tebow kaɗai ya kwashi 33 a jifa 271. Da Manning ya koma Denver a 2012, ƙarƙashin koci ɗaya, John Fox, kaye 21 ya sha a jifa 583. Daga kusan kashi 11 na Tebow zuwa 3.5. A Tampa ma huɗu daga cikin 'yan katanga biyar ɗin da suka tsare Winston su ne suka tsare Brady. Na biyar ɗin sabo ne, Tristan Wirfs, kuma ƙwararre ne, wannan dole a faɗa. Amma mutum ɗaya ba ya rage kaye daga 47 zuwa 21.

Dalilin yana cikin abin da ke faruwa a sakan biyu da rabi zuwa uku bayan an miƙo ƙwallo. Gwanin kwatabak tun kafin a fara ya ƙirga masu tsaro, ya gane ta ina za a kawo farmaki, ya gyara wa katanga tsayuwa da baki. In an taho masa da mutum shida alhali masu tarewa biyar ne, ya san akwai mai cafe ɗaya da aka bari a sake, nan take ya sakar masa. In babu kowa, ya matsa taku ɗaya gaba a cikin da'irar da katanga ta yi masa, ko ya fice gefe ya jefar waje. Wanda bai kai nan ba yakan tsaya yana jiran mutumin farko ya kuɓuce, ko ya juya baya yana neman hanyar gudu, ya faɗa hannun wanda aka riga aka ture masa gefe. Babu katangar da ke riƙe manyan masu farmaki na NFL sakan huɗu a kai a kai.

Wannan ba ya nufin katanga ba ta da hannu. David Carr ya sha kaye 76 a 2002, har yau ba a kai wannan adadi ba a kaka ɗaya. Shekararsa ta farko ce, kuma shekarar farko ta Houston Texans kanta. Tony Boselli, wanda suka ɗauko musamman don ya tsare masa baya, ciwon kafaɗa bai bar shi ya buga musu ko wasa ɗaya ba. Wa zai ɗora wa yaro wannan laifi shi kaɗai? Sai dai a 2005, shekararsa ta huɗu, ya sake shan 68. A ganina kason kaye na shekara ɗaya tuhuma ce, na shekara uku a jere hukunci ne.

Kada kuma a ce ai masu gudu ne ke shan kaye. Josh Allen na Buffalo yana cikin waɗanda suka fi kowa gudu da ƙwallo, amma a 2024 kaye 14 ya sha a jifa 483, ya kuma zama gwarzon gasar.

Inda kason kaye yake gazawa

Da kason kaye kaɗai ake cin kofi, da Dan Marino ya cika kabad. A 1988 ya yi jifa 606 ya sha kaye 6, kashi ɗaya cikin ɗari, abin da ko a wasan bidiyo sai an yi da gaske. Miami Dolphins ta ci wasa 6 ta faɗi 10. An ƙwace masa jifa 23, tsaronsu kuma ba abin a zo a gani ba ne. Akwai mai guje wa kaye ta hanyar sakin ƙwallo inda bai kamata ba, akwai kuma wanda ke guje masa ta hanyar jifan yadi uku-uku da ba ya kai ƙungiya ko'ina.

Ta ɗaya gefen kuma ga Russell Wilson a 2013, lokacin yana Seattle: kaye 44 a jifa 407, kusan kashi 10, ga shi da kofi a hannu. Wanda ya doke a wasan ƙarshe shi ne Manning, mai yadi 5,477 da tacdawun 55 da kaye 18 kacal. Abin da ya rufa wa Wilson asiri shi ne in ya riƙe ƙwallon ya daɗe, yakan fito da dogon jifa. A matsakaici kowane jifansa ya haura yadi 8, ƙwace 9 kawai aka yi masa, ya kuma ƙara yadi sama da 500 da ƙafarsa. A bayansa ga tsaron da ya fi na kowa a gasar.

Joe Burrow na Cincinnati a 2021 shi ne misalin da ya fi ɗaure kai. Ya fi kowa shan kaye, 51. Ya kuma fi kowa haɗa jifa, kashi 70.4, ya fi kowa yadi a kowane jifa, 8.9. A zagayen sili-ɗaya-ƙwale Tennessee ta kayar da shi sau 9 a wasa ɗaya, Cincinnati ta ci 19 da 16. Masu cewa kaye ba komai ba ne suka samu abin faɗa. Makonni uku bayan haka Los Angeles Rams ta kayar da shi sau 7 a Super Bowl, ta ci 23 da 20, kuma a damarsa ta ƙarshe Aaron Donald na Rams ne ya juya shi ya tilasta masa wurgar da ƙwallon. Kaye 70 ke nan a kaka ɗaya in an haɗa duka. Ana iya biyan kuɗin kaye da manyan jifa, amma kuɗi ne, kuma ranar da jifan bai zo ba bashin yana nan.

ANY/A: inda aka haɗa su wuri ɗaya

Tunda makin jifa ba ya ganin kaye, kason kaye kuma ba ya ganin abin da jifa ya haifar, sai a nemi mai ganin duka biyun. Shi ne ANY/A, wanda shafin Pro Football Reference yake wallafawa kyauta ga kowane ɗan wasa da kowace ƙungiya. Lissafinsa ko a bayan ambulan za ka yi: ka ɗauki yadin jifa, ka ƙara 20 a kan kowane tacdawun, ka cire 45 a kan kowane ƙwace, ka cire yadin da kaye ya ci, sannan ka raba da jimillar jifa da kaye.

Mu koma kan 'yan wasa biyun nan da muka ƙaddara. Mai wurgarwa waje: 220 a raba da 30, ya ba da 7.3. Mai rungumewa: 185 a raba da 30, ya ba da 6.2. Gaskiya ta koma mazauninta. A kan Tampa kuma, Winston ya tashi da kusan 6.2, Brady da kusan 7.5. Tazarar yadi ɗaya da ɗoriya tana kama da ƙarama, amma ka ninka ta sau ɗari shida.

In ƙungiya kake aunawa ba mutum ɗaya ba, sai ka yi lissafin sau biyu: abin da ta samu da jifanta, da abin da aka samu a kanta, ka cire na biyu daga na farko. Wannan ragowar ita ce lamba ɗaya da na fi amincewa da ita cikin duk waɗanda mutum zai iya lissafawa da kansa. Ita ce ke warware irin lamarin Houston a 2020. Deshaun Watson ya fi kowa yadi, 4,823, tacdawun 33, ƙwace 7, makin jifa 112.4, duk da kaye 49. Ta ɓangarensa ba abin zargi sosai. Ƙungiyar ta ci wasa 4 ta faɗi 12, domin masu tsaronta jifa uku rak suka ƙwace a duk kakar. Irin haka ta samu Burrow a 2024: yadi 4,918, tacdawun 43, Cincinnati ko zagaye na gaba ba ta shiga ba.

ANY/A ma yana da nasa gurbin. Ba ya ƙirga gudun kwatabak. Lamar Jackson ya ci yadi 1,206 da ƙafa a 2019, Fields ya ci 1,143 a 2022, duk ba su shiga lissafin ba. Kuma bai san yanayi ba: yadi 8 a dama ta uku ana neman 7 nasara ce, yadi 8 ana neman 15 aikin banza ne, amma a wurinsa ɗaya suke.

Masu son rufe wannan gurbi su ne suka koma ga EPA, wanda ke auna yadda kowace dama ta ƙara ko ta rage makin da ake sa ran ƙungiya za ta ci, gwargwadon inda take a fili da damar da take ciki. Tunanin ba sabo ba ne. Virgil Carter, wanda shi kansa kwatabak ne a Cincinnati, yana cikin waɗanda suka fara lissafa shi a 1971. A kansa tashar wasanni ta ESPN ta gina nata ma'aunin, QBR, a 2011, mai tafiya daga 0 zuwa 100. Akwai kuma DVOA na Aaron Schatz, wanda ke la'akari da ƙarfin abokin karawa. Duk sun fi ANY/A kaifin ido. Abin da ke rage musu armashi a wurina shi ne ba ka iya bin sawunsu da biro. An ba ka lamba, sai ka yarda. Kuma in ka jera ƙungiyoyi 32 bisa EPA na jifa, ka sake jera su bisa ANY/A, ba kasafai za ka ga wadda ta yi tsalle daga sama zuwa ƙasa ba.

A ɓangaren tsaro lissafin ya juya

Tunda kwatabak ne ke da kaso mafi tsoka a kaye, yawan kayen da masu tsaro suka yi ya dogara ƙwarai da waɗanda suka haɗu da su. New York Giants ta fi kowa kaye a 2007, guda 53. Amma 12 daga ciki a dare ɗaya aka yi su, a kan Donovan McNabb na Philadelphia, inda Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya yi 6 shi kaɗai a kan wani matashi da aka saka a madadin mai wurin. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na aikin kaka guda a wasa ɗaya. Giants ɗin gwanaye ne da gaske, sun tabbatar da haka da suka kayar da Brady sau 5 a Super Bowl suka hana New England, ƙungiyarsa ta lokacin, kammala kaka ba tare da shan kashi ba. Amma ba 53 ɗin ce hujjar ba.

Philadelphia Eagles ta yi kaye 70 a 2022, biyu kacal ya rage ta kamo tarihin da Chicago Bears ta kafa a 1984. Ta je Super Bowl ta haɗu da Mahomes, ko sau ɗaya ba ta kai shi ƙasa ba, ta faɗi 38 da 35. Shekara biyu bayan haka, da tsaron da kayensa bai kusanci 70 ba, ta kayar da shi sau 6 ba tare da ta turo ƙarin mutum ko sau ɗaya ba. Mutum huɗun gaba suka yi aikin, sauran bakwai suka toshe hanyoyin jifa.

Abin da ya fi dacewa a duba a tsaro shi ne matsi: sau nawa suka takura mai jifa, ko sun kayar da shi ko ba su kayar ba. Matsi yana faruwa ninkin kaye sau da yawa, saboda haka sa'a ba ta cika wasa da shi ba. A Super Bowl ɗin da Tampa ta ci Kansas City 31 da 9, kaye 3 kawai aka rubuta wa Mahomes. Wanda ya raba dare ya kalli wasan ya san gudun ceton rai ya kwana yi, domin 'yan katangarsa biyu na gefe, Eric Fisher da Mitchell Schwartz, duk suna jinya. Ka sani dai cewa matsi ba ƙididdigar hukuma ba ce. Kowane kamfani da yadda yake ƙirgawa, don haka kada ka haɗa lambar wannan da ta wancan.

To wanne za ka ɗauka?

Ya danganta da abin da kake nema. In tambayarka ita ce wace ƙungiya ta fi ƙarfi a kakar da ake ciki, ɗauki ragowar ANY/A, ta hari a cire ta tsaro. In kana da inda kake samun EPA ka ɗora shi a kai, musamman ga ƙungiyar da kwatabak ɗinta mai gudu ne.

In kuwa tambayarka ta gobe ce, wato wannan abin da ake gani zai ɗore ko kuwa, nan kason kaye ya fi kowanne amfani. Ƙwace yana hawa da sauka: ƙwallo ta taɓa yatsan mai cafe ta tashi sama, yau ta faɗi ƙasa, gobe ta faɗa hannun ɗan tsaro. Tacdawun ma yakan danganta da ko koci ya zaɓi jifa ko gudu a bakin layi. Kaye hali ne. Shi ya sa idan ƙungiya ta sayi kwatabak daga wani wuri, layin da zan fara dubawa ke nan, na shekara uku baya. Shi ya sa kuma alƙaluman Caleb Williams na 2024 ba su burge ni yadda suka burge wasu ba: tacdawun 20, ƙwace 6 kacal, abin yabo ga sabon shiga, amma kaye 68 a jifa 562, kusan kashi 11, Chicago ta ci wasa 5 cikin 17. Ƙarancin ƙwacen da yawan kayen daga tushe ɗaya suka fito, riƙe ƙwallo.

Makin jifa ka bar shi don hira, ko don kwatanta mutum biyu na shekara ɗaya waɗanda kason kayensu ya yi kusa. Yawan yadi kuwa sai ga masu wasan fantasi, wato masu haɗa ƙungiyar ƙage da 'yan wasan gaske, inda yadin kansa ne ke kawo maki. A can Winston na 2019 dukiya ne.

Tarko biyu sun rage. A farkon kaka, bayan wasa uku, kwatabak bai wuce ja baya ɗari da 'yan kai ba. Kaye biyu kacal suna motsa kasonsa da kusan kashi biyu, don haka kada ka yanke hukunci a watan Satumba. Na biyun ya shafi yadda ake rubuta alƙaluman. A NFL ba a cire yadin kaye daga yadin ɗan wasa, amma ana cirewa daga na ƙungiya, shi ya sa lambobin biyu ba sa daidaita a shafi ɗaya. A gasar jami'o'in Amurka kuwa daga yadin gudu ake cire shi, ba ya taɓa alƙaluman jifa sam. Yaron da za a ɗauko daga jami'a a watan Afrilu, layin jifansa zai iya fitowa fes alhali ya sha kaye arba'in. Sai ka leƙa layin gudunsa, in ka ga an rubuta ya ɗauki ƙwallo sau da yawa amma yadin kaɗan ne ko ma ƙasa da sifiri, a nan aka binne su.